Tawadar Da Ba Ta Bushe Ba

Litinin, 2 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na buɗe taga na tarar an rufe katangar makarantar da ke fuskantar ɗakina da fuskoki. Jiya da yamma farar katanga ce. Yau mutum goma sha ɗaya ke kallona, kowa yana murmushi, kowa yana son zama gwamnan jiha. Sai da na ɗauko tabarau na ƙirga su sau biyu.

Shekara arba'in da ɗaya na yi a maɗaba'a ina jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, amma ban taɓa ganin bugu irin wannan ba. Launi ya zauna daram, har gashin gira mutum zai iya ƙirgawa. A zamaninmu fasta mai launi biyu kwana uku take cinye mana. Waɗannan an ce inji ke zubo su kafin shayi ya huce. Ikon Allah.

Na farko gwamna mai ci ne, alamarsa ƙararrawa. Na uku Mai Siminti, alamarsa jirgin ƙasa. Akwai Janar mai ritaya, akwai wani Farfesa, da wani likita, da wasu da ban taɓa jin ɗuriyarsu ba. Ta tara mace ce, ita kaɗai a cikinsu. Lauya suke ce mata. Alamarta allura da zare.

Ta taran 'yata ce. Babu wanda ya sani a layin nan, domin bayan abin da ya faru na tare a nan. Shekara goma sha biyu rabona da fuskar nan, yau ga ta ta fi ƙofar ɗakina girma. Goshin uwarta ne sak.

Saura kwana goma sha tara a yi zaɓe. Ba ni da abin da zan aika mata, ba ni da bakin kiranta. Ƙuri'a ɗaya gare ni.

Talata, 3 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Na lallaɓa shagon Mai Aski. Tun daga nesa ya fara.

"Baba Ɗab'i! Ka ga baƙinka? Tunda mu ka raina hirarmu, an kawo maka manyan mutane har goma sha ɗaya."

Na ce ai ba su amsa gaisuwa.

"Bari a gama zaɓe, lokacin ne ma za ka san ba su amsa gaisuwa."

Shi ne wakilin jirgin ƙasa a rumfar zaɓenmu, har hula aka ba shi. Ya ce ko jirgin bai zo ba, siminti dai zai zo. Wani direba da ke jiran layi ya ce, "Lauyar nan fa? Na ji tana da baki."

Mai Aski ya kaɗa almakashi. "Baki ai aku ma yana da shi. Wannan ko a gidan ubanta ba za ta samu ƙuri'a ba."

Aka yi dariya. Na ce ya rage mini gefen hagu. Da ya sa mini madubi ban duba ba.

Alhamis, 5 ga wata, ƙarfe tara na safe

Nas ta zo awon jini, kamar yadda take zuwa duk Alhamis. Ta ce in miƙa hannu. Na miƙa, muka zuba masa ido mu biyu yana rawarsa.

"Baba, ya ƙaru. Ina takardar da likita ya ba ka?"

Na ce tana nan ƙarƙashin agogo.

"Ranar goma sha biyu ya ce ka zo a kwantar da kai."

Na ce sai bayan ashirin da ɗaya.

"Zaɓe ne zai ba ka lafiya? Cikin waɗannan wa ya san kana duniya?"

Sai na lura da ɗan ƙaramin baji a mayafinta, allura da zare. Na tambaye ta. Ta gyara zama. Wai an taɓa korar su su sittin daga aiki ba gaira ba dalili, Lauya ta tsaya musu a kotu shekara uku har aka mayar da su. Ta ce, "Baba, da ka gan ta a gaban alƙali! Ba ta ɗaga murya. Takarda kawai take buɗewa, sai ka ga manyan mutane suna share gumi." Ita ce wakiliyar allura a rumfarmu.

Na ce ta ƙara ba ni labarin. Ta ba ni. Na ce ta maimaita wurin takardar. Ta dube ni ta ce yau kuma siyasa nake ji.

Yarinyar da ke tsoron ƙadangare.

Juma'a, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na samo katin zaɓena. Yana cikin akwatin uwar 'yata. Na daɗe ban rufe akwatin ba.

Lahadi, 8 ga wata, ƙarfe goma na safe

Na sayo ɗan kushin tawada irin na hatimi. Na ja layi a bayan tsohuwar kalanda, gida goma sha ɗaya daga sama zuwa ƙasa, yadda Nas ta ce takardar ƙuri'ar take. Na gwada dangwala babban yatsa a gida na tara.

Sau ashirin na gwada. Shida suka faɗa ciki. Sauran sun hau layi, uku ma sun tafi gidan Farfesa. An ce in tawada ta taɓa gida biyu, ƙuri'a ta lalace.

Hannun nan ya ɗauki harafi mai ƙanƙantar ƙwayar shinkafa ya ajiye shi inda ya dace, sau dubu a wuni, ba tare da na duba ba. Yau gida mai faɗin akwatin ashana ya gagare shi.

Talata, 10 ga wata, ƙarfe shida na yamma

An yi muhawara a rediyo, su goma sha ɗaya. Na sa sabon batir.

Gwamna ya lissafa tituna. Janar ya ce zai gyara jihar cikin kwana ɗari, kamar wanda zai ba ta umarni ta tsaya ƙam. Farfesa ya yi magana mai kyau, sai dai har lokacinsa ya ƙare bai iso kan tambayar ba. Mai Siminti ya fi kowa sa ni dariya. Ni kam mamaki ya ishe ni. Da can ana naɗa mana mai mulki sai dai mu ji a sanarwa. Yau ga goma sha ɗaya a jere suna roƙon tsoho irina.

Sannan aka ce, "Lauya, bismillah."

Muryar ta yi kauri kaɗan. Har yanzu tana ɗan yin shiru kafin ta faɗi abu mai nauyi. Mai gabatarwa ya tambaye ta ina ta koyi taurin kai. Ta ce, "Mahaifina mai jera haruffa ne a maɗaba'a. In ya ga kuskure ɗaya a shafi, ko an buga dubu, sai ya sa a sake. Ina ƙarama nake ganin masu maɗaba'ar suna masa faɗa, yana tsaye da ɗan madubinsa, ba ya gusawa."

Ban ji sauran muhawarar ba.

Laraba, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ba ta ce marigayi ba.

Juma'a, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Jiya ce ranar likita. Takardar tana ƙarƙashin agogo.

Daga ƙofata zuwa bishiyar da ke tsakiyar makaranta, inda ake kafa rumfa, taku ɗari biyu da goma sha huɗu ne. Na auna yau da sanda. A taku na ɗari da sittin ƙasa ta juya, na zauna a bakin kwata har ta tsaya. Babu wanda ya gani, sai su goma sha ɗayan.

Dangwale: tara cikin ashirin.

Lahadi, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

'Yata tun tana shekara bakwai take biyo ni wurin aiki in an yi hutu. Sai in ɗora ta a kan kujera mai tsawo in ba ta shafukan da suka bushe ta ninke. Sama zuwa ƙasa, kusurwa ta haɗu da kusurwa, sannan a bi da bayan farce sau ɗaya. Tana fitar da harshe in tana yi. Kafin ta kai goma ta fi manya sauri.

Uwarta ta yi jinya wata biyar. Ita kuwa tana can babban birni da wata shari'a da ta ƙi ƙarewa. Kullum gobe. Ranar da muka dawo daga maƙabarta, ƙafafuna da ƙura, motarta ta tsaya a ƙofar gida. Ta fito da baƙar rigar kotu a hannu. Mutane cike da ƙofar.

Kalma huɗu na faɗa: ba ni da 'ya.

A maɗaba'a in ka jera kalma ba daidai ba, sai ka sa ɗan hantsaki ka zare ta kafin inji ya tashi. Na zare dubbai. Waɗannan huɗun a gaban mutane na buga su.

Yanzu na lissafa shekarun. Shari'ar da ta riƙe ta, ko ta su Nas ce? Ba zan tambaya ba.

Talata, 17 ga wata, ƙarfe goma na safe

Jiya ayarin gwamna ya wuce. Minti arba'in motoci suna wucewa, na duba agogo. Mutane a kan rufin mota, mutane a kan katanga, mata da goyo suna gudu. Ashe haka muke da yawa? Ina zaune a ɗaki ina zaton duniya ta ƙare a bakin layinmu.

Da gari ya waye na ga an manna fastar jirgin ƙasa a kan fuskar 'yata, ido ɗaya kawai ya rage. Na jiƙa tsumma na tsallaka. In ka jiƙa takarda ka yi haƙuri, gam yana saki da kansa. Na kusa gamawa sai ga muryar Mai Aski a bayana.

"Iye! Baba Ɗab'i, fastar maigidana kake ɓarewa? Ko dai soyayya ce da tsufa? Faɗa mini in kai gaisuwa."

Na ce bugun ne mai kyau, ba na son a ɓata aikin mutane.

"Na maigidana ba aikin mutane ba ne?"

Na ce nasa jan ya yi yawa. Ya yi ta dariya, ya riƙe mini sanda har na gama.

Alhamis, 19 ga wata, ƙarfe tara na safe

Nas ta ga kalandar da yatsu sun cika ta. Ta daɗe tana kallon gida na tara. Na nuna mata dabarar da na gano: in riƙe wuyan hannun dama da na hagu, in fitar da numfashi, sannan in sauke. Goma sha bakwai cikin ashirin.

Ta ce, "Saura ninkewa. Baba, a tsaye ake ninke ta, gefe zuwa gefe, saboda tawadar—"

Na ce, 'yar nan, ni za ki koya wa ninke takarda? Tun ba a haife ki ba nake wannan aiki.

Ta ɗaga hannu biyu. "Allah ya ba ka haƙuri, Baba."

Ta ce bayan zaɓe ko da ɗauka sai ta kai ni asibiti. Na ce to.

Juma'a, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na goge farar rigata. Na yanke farce. Goma sha tara cikin ashirin.

Asabar, 21 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Na yi.

Taku ɗari biyu da goma sha huɗu, ban zauna ba ko sau ɗaya. Layi har bakin ƙofar makaranta, amma suka buɗe mini hanya, "A bar Baba ya wuce." Na'ura ta ƙi karanta yatsana, dalma ta cinye zanen tuntuni, sai malamin zaɓe ya ɗauki fuskata da ita ta yarda da ni. Ƙaramin abu kamar sabulu, ya dube ni ya san ni.

Takardar mai kyau ce, mai nauyi. Na shinshina ta. A bayan labule na riƙe wuyan hannu, na fitar da numfashi, na sauke. Tsakiyar gida na tara, bai taɓa layi ba ta ko'ina. Ban taɓa buga abu mai tsabta kamarsa ba.

Na ninke, na jefa. Aka shafa mini tawada a farce. Zan huta kaɗan in koma kallon ƙidaya.

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta yadda ya faru, ko da hannun zai ƙi.

An zazzage akwatin a kan tebur ƙarƙashin bishiya. Malamin zaɓe yana ɗaga kowace takarda sama, jama'a suna faɗa tare da shi. Ƙararrawa! Jirgi! Jirgi! Ƙararrawa! Mutum ɗari uku da wani abu, kowa da abin da ya ɓoye a ransa, ga shi ana buɗewa ɗaya ɗaya a hasken rana. Can ba a rasa ba sai a ce allura, Nas ta yi guɗa ita kaɗai.

Sai malamin ya ɗaga wata ya tsaya yana dubanta. Yatsa biyu, ɗaya a gida na tara, ɗaya a na uku.

Mai Aski ya ce, "Ta jirgi ce!"

Nas ta ce, "Kana da ido kuwa? Ta allura ce!"

Daga inda nake zaune na hango karin ninkin. A kwance yake, a tsakiya daidai, kusurwa ta haɗu da kusurwa, an bi shi da bayan farce. Duk rumfar nan mutum ɗaya ne ke ninki haka. Sama zuwa ƙasa, tara ta kwanta a kan uku. A maɗaba'a busasshen shafi ake miƙo mini. Kwana goma sha uku ina koya wa yatsa aikinsa, ban tuna hannu yana da nasa karatun ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na ciro ɗan madubina na aiki daga aljihu, na ce malam ya duba. Na tara shi ne bugun, ya yi baƙi, ya cika. Na uku inuwarsa ce, ya yi fari-fari, kuma a juye yake. Ɗanyar tawada ce ta taɓa shi.

Malamin ya duba ya daɗe. Ya ce, "Baba, ya aka yi ka sani haka?"

Na ce ni na ninke ta.

Mai Aski ya ce, "Haba Baba Ɗab'i, ai ba a faɗa! Kai da Lauyar nan dai, wai mene ne tsakaninku?"

Na ce, "'Yata ce."

Ban san muryata tana da sauran ƙarfi haka ba. Har na bayan katanga sun ji. Nas ta dafe baki. Mai Aski ya cire hular jirgin ya riƙe a hannu, ya ce, "Malam, na janye. Wallahi ta allura ce, rubuta mata."

Malamin zaɓe mutumin kirki ne. Ya ce ya yarda da ni, amma abin da aka ba shi a rubuce shi ne, in tawada ta fito a gida biyu, a ware. Ya ce in yafe masa. Na ce ya yi daidai, ni ma da haka zan yi. Ya sa ta cikin ambulan na lalatattu.

Allura ta samu shida a rumfarmu.

Lahadi, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Da bakwai ne.

Litinin, 23 ga wata, ƙarfe biyu na rana

An faɗi sakamako. Gwamna ya koma kujerarsa, Mai Siminti na biye. Ita ta zo ta biyar, da ƙuri'a dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da takwas.

Na rubuta lambar a bayan kalanda ina kallo. Dubu arba'in da ɗaya. Mutanen da ban sani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, sun tashi da safe sun bi layi a rana saboda yarinyar da na ɗora a kan kujera mai tsawo. Kowannensu ya iya ninke takarda.

Talata, 24 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya

Mai Aski ya zo har ɗaki da kayan aikinsa, wai gemuna ya yi yawa. Bai yi yawa ba. Yana cikin yi ya ce, "Baba, maganar da na yi ranar nan, ta gidan ubanta. Bakina ne, ka san shi."

Na ce ai gaskiya ka faɗa, ba ta samu ba.

Ya ce, "Ta samu mana. Mu ɗari uku shaida ne." Sai ya ce in daina motsi kar ya yanke ni, alhali ko motsawa ban yi ba.

Laraba, 25 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Nas ta leƙo. Gobe asibiti, ƙarfe goma. Ta ƙi haɗa ido da ni. Ta ce wakilai duka sun kai rahoton rumfunansu, ita ma ta kai nata. Na ce me ta rubuta. Ta ce abin da ya faru.

An fara ɓare fastocin.

Alhamis, 26 ga wata, ƙarfe tara da rabi na safe

Na ji sallama na ɗauka Nas ce. Na ce a shigo.

Ta fi ta jikin katanga ƙanƙanta. Akwai furfura a gaban goshinta, masu bugun sun goge. Ta durƙusa ta gaishe ni kamar jiya muka rabu, na amsa kamar jiya muka rabu. Ta dubi agogo, ta dubi akwatin uwarta, ta dubi kalandar.

Ta kama hannuna ta juya babban yatsan. Tawadar tana nan a farce.

"Baba, sama zuwa ƙasa ka ninke?"

Na ce sama zuwa ƙasa.

"Kusurwa ta haɗu?"

Na ce ta haɗu.

Ta fara dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu. Da ta samu numfashi ta ce, "Ni ma hannuna ya fara. Sai da na tsayar da shi da ƙarfi, ga 'yan jarida suna jira a waje."

Na ce akwai maganar da na faɗa shekara goma sha biyu da suka wuce. Ta girgiza kai.

"Waccan na ji ta da kunnena. Ta ranar Asabar ce aka ba ni labari. Ita nake so in ji."

Na faɗa mata. Ta ce in ƙara. Na ƙara.

Yanzu tana haɗa mini kaya, tana faɗan wai riguna uku kacal gare ni. Nas tana waje da Mai Aski suna gardamar wanda zai zauna gaba a mota. 'Yata ta ɗaga agogo ta zaro takardar likita, ta karanta har ƙasa a tsaye. Na ga ta ninke ta, sama zuwa ƙasa, ta bi da bayan farce sau ɗaya, ta sa a jakarta.

Ta ce in rufe littafin nan haka. Na ce ta dakata tawadar ta bushe.